Gas ɗin mota daban, na girki daban

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Kai matso da kyamarar su gani da kyau. Wannan doguwar tukunyar ta CNG ce, wato gas ɗin mota, wannan kuma ta girki. Kullum sai wani ya ce min wai Malam ai duk gas ne, me zai hana a ɗura na mota a ta girki tunda ta fi araha? To ku saurara.

Iskar gas da ake haƙowa, irin ta Neja Delta, mafi yawanta methane ce, sauran ethane ne da propane da butane da ɗan tarkace. In masu nauyin nan, su propane da butane, suna ciki da yawa jiƙaƙƙiya ake ce mata, in an tace an cire su ta zama busasshiya. To propane da butane ɗin da aka cire, su ne gas ɗin girkinku. 

Yanzu ga wajen da nake so ku riƙe. Gas ɗin girki da an ɗan matse shi ya zama ruwa, bari in girgiza, kun ji yana motsi ko? Methane kuwa duk matsin duniya a zafin garin nan ba zai zama ruwa ba, sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, abin da ake yi a Bonny ta jihar Ribas ke nan kafin a loda wa jiragen ruwa. Shi ya sa na mota danna shi kawai ake yi har bar 200 a ma'aunin matsi, ita kuwa ta girki ko bar 20 ba ta gani, to ka ɗura mata 200 me kake jira? Dubi kaurin ƙarfen wannan, ɗaga ta ka ji, ba wani ɗinkin walda a jikinta.

Sannan in ya yi yoyo methane sama yake tashi don iska ta fi shi nauyi, na girki kuwa ƙasa yake kwanciya, ya taru a rami ko kwata. Dukansu asali ba su da wari, zuba musu ake yi.

Miƙo min sifana 17, a'a 19. In mun ɗaure sai ruwan sabulu a kowane haɗi, kumfa ta taso to da saura. Mai son tukunya mai takardar shaidar inganci muna da su, kuɗin ma ana iya biya sau biyu.