Jan fasfon Beljiyam: kwanakin da ake ƙirgawa da waɗanda ba a ƙirgawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam nake muku magana, ku yi haƙuri da ƙarar iska, garin nan bakin ruwa ne. Tunda na nuna jan fasfon nan saƙonni suke ta shigowa, kowa tambayarsa yaya aka yi, wasu ma cewa suke nawa za su turo. Ba na sayarwa ba ne, 'yan uwa. Bari in bi muku hanyar daga tushe.

Ni karatu ya kawo ni, da bizar dogon zama da ake kira biza D. Da na gama na samu aiki, kamfanin ya nema mini izinin da ya haɗa aiki da zama a takarda ɗaya, tsarin da aka fara a 2019. Wani aure ke kawo shi, wani neman mafaka. Amma wanda ya shigo da bizar ziyara ta kwana 90 ya laɓe a ɗakin aboki, ko ya shekara goma a haka lissafinsa bai fara ba.

Da saukarka, cikin kwanakin aiki 8, za ka kai kanka komin, wato ofishin ƙaramar hukumar da kake zaune. Yankin Brussels, babban birnin ƙasar, kaɗai komin 19 gare shi, kowace da nata layin da nata saurin. Yanzu ku matso ku ga ƙofar gidan nan. Kun ga jerin ƙararrawa, kowace da 'yar takarda mai suna a gefenta, ga akwatunan wasiƙa a ƙasa su ma da suna. Wannan 'yar takardar ba ado ba ce. Bayan ka yi rajista ɗan sandan unguwa zai zo, ba tare da ya faɗi rana ba, ya duba ko da gaske nan kake kwana. Ni da ya zo har ɗaki ya leƙa, ya ga katifa da tukunya da takalma a bakin ƙofa, ya yi rubutunsa ya tafi. In ka tashi daga gida ba ka sanar ba, komin na iya goge ka daga rajista, shekarun da kake tarawa su tsinke a tsakiya.

Katunan zama kuwa harafi-harafi ne. Kati A mai wa'adi ne, sabunta shi ake yi. Kati B ba shi da wa'adin zama. Kati F na iyalin ɗan ƙasa ne ko ɗan Tarayyar Turai. Ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa dole izininka ya zama marar wa'adi.

Dokar da na bi an yi ta a 2012, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2013. Tana son shekara 5 na zama bisa ƙa'ida ba yankewa, da harshe, da shaidar ka shiga cikin jama'a, da shaidar aiki. Harsunan hukuma uku ne: Holanci, Faransanci da Jamusanci, ɗaya ake so ka iya a matakin A2, wato matakin iya 'yar hirar yau da kullum. Nan 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko suka sha gabanmu, da Faransancinsu suke sauka. Mu 'yan Najeriya Turancin da muke taƙama da shi ba ya cikin lissafi. A Antwerp Holanci ake yi, don haka ajin dare na shiga bayan an tashi aiki, ga gajiya ga wani harafin da sai ka kakaro shi daga maƙogwaro. Shiga cikin jama'a kuma ana nuna shi da shaidar karatu a nan, ko koyon sana'a na awa 400, ko kwas ɗin sabbin zuwa, ko aikin shekara 5 a jere.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Aikin da ake nema kwana 468 ne cikin shekara 5 ɗin, in kuma sana'ar kanka kake yi, ka biya kuɗin inshorar jama'a na zango 6, kowane zango wata uku. Kwanakin nan ba kai za ka faɗa da baki ba, suna cikin kwamfutar hukuma, daga abin da mai aikin ya bayyana. Na san bayin Allah da suka yi shekaru suna wanke kwanuka a bayan gidajen abinci, suna sauke kaya tun asuba, ana biyansu a hannu. Kuɗin hannu da daɗi, ba a cire haraji, ka tura gida a yi gini. Ranar da aka buɗe fayil sai a ga ba ko kwana ɗaya a rubuce. A ganina gara aikin da ake yanke maka haraji har ka ji zafi, ana ba ka takardar albashi duk wata. Nawa ga su nan cikin wannan jakar, ban yar da ko ɗaya ba.

Zuwa gida ma da ƙa'ida. Kada ka wuce wata 6 a jere a waje, jimillar fitarka kuma kada ta haura shekara ɗaya cikin biyar ɗin.

Sai takardar haihuwa, wadda ke wahalar da mutanenmu fiye da harshe. Fasfo ya ce Mohammed, takardar haihuwa ta ce Muhammad, ta makaranta ta ce Mamman. A gida duk mutum ɗaya ne, a nan mutum uku ne. Ka daidaita suna da ranar haihuwa tun kana gida, a buga wa takardar hatimin tabbatarwa a Abuja, a nan kuma tafinta mai rantsuwa ya fassara ta.

Kuɗin rajista a lokacina yuro 150 ne. A 2025 gwamnatin Firaminista Bart De Wever ta ɗaga shi zuwa yuro 1,000, kuma magana ake ta ƙara tsaurara sharuɗɗan, saboda haka wanda ya cika ƙa'ida kada ya tsaya jan ƙafa. In ka miƙa fayil a komin, sai ya tafi ofishin mai gabatar da ƙara na Sarki, yana da wata 4 ya duba ko kana da wani laifi ko matsala a takardunka. In bai hana ba, komin ta kira ka, ka yi katin ɗan ƙasa, ka nemi fasfo.

Masu tambaya ko na yar da koren fasfo, a'a. Beljiyam ta yarda da riƙe ƙasa biyu, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya yarda wa wanda ya samu ƙasar ta haihuwa. Abin da ya ƙaru a kaina shi ne zaɓe: a nan fita zaɓen tarayya dole ne ga ɗan ƙasa, takardar kira za ta zo maka har akwatin wasiƙa, in ka ƙi zuwa ba uzuri ana iya cin ka tara. Masu tambayar yadda ake kawo iyali kuma, wannan doguwar magana ce mai nata sharuɗɗan albashi da gida, ita za mu ɗauka a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Sai an jima.