Idan Aka Dakatar da Izinin Watsawa a Zangon CBRS: Laccar da Aka Rubuta Daga Faifai

Assalamu alaikum. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, kuma ina yi wa 'yan'uwa injiniyoyi da ɗalibai barka da zuwa. Abin da zan yi magana a kai yau matsala ce guda ɗaya da ke hana masu kula da tashoshin intanet na iska barci a Amurka, wato lokacin da na'urarka take lafiya lau, wuta na nan, eriya na tsaye, amma aka ce mata ta yi shiru.

Sai mun fara da fahimtar filin da ake rabawa. A shekarar 2015 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe zangon igiyar rediyo daga megahaz 3550 zuwa 3700 ga jama'a, aka sa masa suna CBRS, kuma a farkon 2020 aka fara cikakken amfani da shi na kasuwanci. Sai dai filin yana da mai shi tun da daɗewa, domin jiragen ruwan yaƙin Amurka suna amfani da rada a cikinsa. Saboda haka aka tsara shi hawa uku: na sama su ne masu wurin na asali, na tsakiya waɗanda suka sayi lasisi a gwanjon 2020, na ƙasa kuma kowa da kowa. Ku ɗauke shi kamar kasuwa. Akwai mai rumfa da ya biya kuɗi, akwai mai kasa kayansa a ƙasa, amma idan ayarin sarki zai ratsa, dukansu biyun za su tattare su ba da hanya. Sarkin kasuwar nan kuwa wata manhaja ce mai suna SAS, wadda kamfanoni irin su Federated Wireless da Sony suke gudanarwa da amincewar hukuma.

Na'urarka ba ta da ikon watsa komai sai ta yi rajista, ta nemi izini a kan wata tasha, wato wani ɗan yanki na zangon, da wani ƙarfi, sannan ta riƙa aika wa SAS wani ɗan saƙo a kai a kai wanda masu sana'ar suke kira bugun zuciya. Kowace amsa tana ɗauke da lokacin da izinin watsawar zai ƙare, kuma idan lokacin ya wuce ba a sabunta ba, na'urar tana da daƙiƙa 60 ta kashe watsawarta. A cikin wannan amsar ne lambar da ta tara mu yau take fitowa, wato 501, wadda ke nufin an dakatar da izini.

Ina roƙonku ku riƙe bambancin 501 da 500, domin yawancin ɓarnar da na gani a wannan aiki daga rikita su take tasowa. Lamba 500 tana nufin an soke izinin gaba ɗaya, sai ka mayar da shi ka nemi sabo. Lamba 501 kuwa izininka yana nan a hannunka, an dai ce ka dakata, kuma abin da ƙa'ida take so shi ne na'urar ta ci gaba da aika bugun zuciyarta tana shiru, har ranar da amsa za ta dawo da sifili, lambar da ke nufin komai lafiya, ta ci gaba da aiki da kanta.

To, me ke jawo dakatarwar? Abu na farko, kuma mafi yawa ga masu tashoshi kusa da teku, shi ne rada. An kafa na'urorin sauraro a gaɓar teku, kuma an raba ruwan zuwa yankunan kariya. Da zarar na'urar sauraro ta ji motsin rada a wata tasha, sai a kunna kariyar yankin, SAS kuma ta duba jerin da ta riga ta shirya na izinin da za a dakatar a wannan tashar. Duk wanda sunansa yake cikin jerin zai sami 501, ko mai lasisi ne ko ba mai lasisi ba, kuma dole filin ya zama fayau cikin daƙiƙa 300. Ba za a faɗa maka wane jirgi ne ko ina ya dosa ba, wannan sirrin soja ne. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba: idan na'urorin sauraron yankin suka lalace, ana ɗaukar yankin kamar akwai rada a ciki, don haka za a iya dakatar da kai ba tare da jirgi ko ɗaya a teku ba. Wasu sansanonin soja na cikin ƙasa kuma ba sauraro ake yi musu ba, su ne suke shigar da lokutan aikinsu tun da wuri.

Abu na biyu ya shafi sabon izini. Duk dare manhajojin SAS na kamfanoni daban-daban suna musayar bayanai, su lissafa jimillar katsalandan da dukkan na'urori za su yi wa wuraren da ake karewa, su raba wa kowa rabonsa. Idan ka nemi izini da rana a wurin da babu sauran rarar da za a ba ka, ana iya amincewa da shi amma a bar shi a dakace har sai lissafin dare ya gudana.

A nan ne nake son in daɗe kaɗan, saboda na taɓa ganin abin da idona. Wani ƙaramin kamfanin intanet da na yi wa aiki, ba da nisa da teku ba, ya kafa sabon sashe a kan hasumiya da rana tsaka. Yaron da ke kula da allo ya ga 501, sai ya ɗauka na'urar ce ta rikice, ya goge izinin ya nemi sabo. Washegari da safe izinin ya fara aiki, amma da ya so ya ƙara ƙarfi sai ya sake mayar da shi ya nemi wani, ya koma ƙarshen layi. Kwana uku mutanen unguwar suna kiran waya cikin fushi, kuma da na buɗe kundin bayanan na'urar sai na ga kowace rana da hannunmu muke rushe abin da dare ya gina. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron ba malalaci ba ne, ba a dai taɓa zaunar da shi an nuna masa ma'anar lambar ba.

Don haka idan kun ga dakatarwa, ku fara da tambayar lokaci kafin ku taɓa komai. Shin izinin sabo ne, ko ya daɗe yana aiki? Idan sabo ne, ku jira dare ya wuce, ko ku nemi ƙaramin ƙarfi na wucin gadi idan SAS ta ba da shawararsa a cikin amsarta. Idan tsoho ne kuma ya tsaya kwatsam, ku duba ko maƙwabtansa da ke kan tasha ɗaya sun tsaya a minti ɗaya, domin wannan alamar rada ce. Maganinta shi ne a nemi izini na biyu a wata tasha ba tare da sakin na farko ba, kuma mafi aminci shi ne tsakanin 3650 da 3700, inda radar jiragen ruwa ba ta cika shafa ba, ko da yake a can ma akwai tashoshin tauraron ɗan adam da ake karewa, ga kuma cunkoso.

Idan kuwa na'ura ɗaya ce take yawan faɗawa cikin jerin alhali maƙwabtanta suna tsira, ku koma kan bayanan rajista. SAS ba ta ganin hasumiyarka, abin da ƙwararren mai kafawa ya rubuta kawai take lissafi da shi: tsawon eriya, inda ta fuskanta, faɗin haskenta da yadda aka sunkuyar da ita. Eriyar da ke kallon cikin ƙasa amma aka bar gurbin alƙiblarta babu komai, za a lissafa ta kamar tana feshi ta ko'ina har cikin teku. Gyara wannan gurbi guda, ko rage ƙarfin da aka nema daga iyakar dBm 47 (dBm ma'aunin ƙarfin watsawa ne) zuwa abin da ake bukata da gaske, yakan fitar da na'ura daga jerin bayan lissafin dare na gaba. A 2024 ma hukumomin Amurka sun sassauta tsarin lissafin, yankunan da kariyar ke shafa suka ragu, saboda haka wanda ya guji tashoshin da ke ƙasa da 3650 kafin wannan sassauci ya kamata ya sake tambayar SAS ɗinsa ko har yanzu yana cikin yankin.

A nan zan tsaya, mai tambaya ya ɗaga hannu.