Ɗakin da Ba a Shiga Sai da Izini

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Yamai da kewaye. Yau wani ɗaki za mu leƙa, wanda da wuya ka karanta labarin almara na tsafi da aljanu ba ka tarar da shi ba: ɗakin da mai sani yake keɓewa da littattafansa.

Ku lura, ƙofar ake fara nuna mana. A littattafan Harry Potter, da na farkonsu ya fito a Ingila a 1997, ba a isa wurin shugaban makaranta Dumbledore sai an faɗa wa wani gunkin dutse kalmar sirri, galibi sunan alewa, sannan matakala ta yi ta juyawa da kai har sama. Ciki ga hotunan magabatansa a bango, suna gyangyaɗi, suna tsoma baki a zance. Ga wata tasa da yake zuba abin da ya tuna, ya sunkuya ya sake kallonsa.

Me ya sa marubuta ke son irin wannan ɗaki? Jarumin yawanci yaro ne, bai san dawan garin ba, mai karatu ma haka. Dole a sami inda za a zaunar da shi a buɗe masa abin da aka ɓoye. Kafin mai ɗakin ya ce uffan, kayansa sun riga sun faɗi ko shi wane ne.

Abin da ke damuna shi ne matasanmu masu rubutu su ɗauko dogon bene da murhun sanyi irin na Turai, alhali ga namu. Ku tuna zauren malam: buzu a shimfiɗe, gafaka rataye da igiyar fata, kurtun tawada, alƙaluman kara, takardu da gefensu ya yi ja don tsufa. Ka cire takalmi, ka durƙusa, “Allah gafarta Malam.” Ba ina haɗa malami da boka ba ne, a'a, kwarjinin wurin nake nufi. Sai kuma labulen nan na can ƙurya, wanda ko babban almajiri ba ya ɗagawa.

Mai son ganin irin takardun da idonsa, dubbansu na nan Yamai, na Larabci da na ajami, a cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Marigayi Boubou Hama, marubuci kuma masanin tarihi ɗan Nijar, shi ne ya fara tara su.