Me ya haɗa kwalbar giya da gadon asibiti a Afirka ta Kudu?

Ranar 1 ga Janairu, 2021, asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto ya saka wasu hotuna a Facebook. Gadaje ne a jere, ba kowa a kansu. Nan ne sashen da ake garzayawa da waɗanda suka ji mummunan rauni, a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Afirka. Hukumar asibitin ta ce tun da aka kafa shi, sabuwar shekara ba ta taɓa samun wannan sashe wayam ba sai a ranar.

'Yan kwanaki kafin nan, ranar 28 ga Disamba, Shugaba Cyril Ramaphosa ya hana sayar da barasa a duk faɗin ƙasar, ya kuma kafa dokar hana fita daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe. Karo na uku ke nan. An fara hanawa a ƙarshen Maris ɗin 2020 tare da dokar kullen korona, aka sassauta ranar 1 ga Yuni, aka sake hanawa ranar 12 ga Yuli. A Yunin 2021 ma sai da aka yi na huɗu.

Mai kallo daga Kano ko Gusau zai iya zaton maganar addini ce, irin aikin Hisba. A'a. Lissafin gadajen asibiti ne kawai.

A Afirka ta Kudu yawancin manya ba sa shan giya, amma masu shan ba sa sha da wasa, musamman daren Juma'a da Asabar, ko in an yi albashi. To ɗauki mutum ɗaya da ya sha ya yi tatil, rigima ta kaure a mashaya, aka daɓa masa wuƙa a ciki. Motar asibiti za ta ɗauko shi. Sai an buɗe ɗakin tiyata cikin dare, a taso likitan fiɗa da mai ba da maganin barci, a nemo ledar jini. In abin ya yi tsanani, daga nan sai sashen kulawa ta musamman, a jona masa na'urar taimaka wa numfashi, ma'aikaciyar jinya tana tsaye a kansa. Wannan gado da wannan na'ura da wannan ma'aikaciya, su ne dai tsohuwar da korona ta shaƙe take jira a bakin ƙofa. Ga kuma na haɗarin mota, da na harbi, da matan da mazajensu suka lakaɗa wa duka bayan sun dawo a buge.

Da aka buɗe kasuwar giya a watan Yuni, likitoci suka fara kokawa cewa masu rauni sun sake cika musu ɗakuna, a daidai lokacin da masu kamuwa da cutar ke ƙaruwa. Shi ya sa hanin 12 ga Yuli ya fara aiki nan take, ba a bar wa kowa damar tara kwalabe a gida ba.

Masu bincike na Majalisar Nazarin Lafiya ta ƙasar, ciki har da Farfesa Charles Parry, sun bi alƙaluman mace-macen da ba na rashin lafiya ba, wato na kisa da haɗari. Sun ga suna sauka in an hana giya gaba ɗaya, suna hawa in an sake ta. Kamfanonin giya suka ce ai dokar hana fita ce ta yi aikin, tunda wanda ke kwance a gida ba zai yi karo a titi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, don sau da yawa dokokin biyu tare suke zuwa. Sai dai masu binciken sun duba wannan ma, suka ce ko an cire tasirin hana fita, na giya yana nan.

Hanin bai zo a araha ba. Kasuwar bayan fage ta buɗe, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Jama'a suka koma haɗa giyar gida da abarba da sukari da yis, har abarba ta yi tsada, wasu kuma suka mutu bayan sun sha haɗin da ba su san abin da ke ciki ba. Gonakin inabi na lardin Western Cape da gidajen abinci sun rage ma'aikata. Kamfanin giya na South African Breweries ya soke jarin rand (kuɗin ƙasar) biliyan 2.5 a Agustan 2020, ya sake soke wani kamarsa a Janairun 2021, ya kuma kai gwamnati kotu.

A ganina, hani irin wannan maganin gaggawa ne, ba wanda za a zauna a kai ba. Masana lafiya sun daɗe suna neman abin da ya fi shi ɗorewa: a ƙara haraji, a taƙaita lokutan sayarwa, a rage talla, a matsa wa masu tuƙi a buge. Tun 2016 aka fitar da daftarin dokar da za ta ɗaga shekarun sayen giya daga 18 zuwa 21. Har aka ɗage dokar ta-ɓacin korona a Afrilun 2022, daftarin bai zama doka ba.