Sharhi: Alkamar Ƙonni da takin ure da ke bin iska

Jama'a masu sauraronmu na Tahoua da kewaye, assalamu alaikum. Sanyi ya shigo, a fadamar Ƙonni masu alkama sun fara shuka, kuma kowa maganarsa ɗaya ce, kuɗin angire, wato takin zamani. A 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke farashin ure ya haura, don da iskar gas ake yin shi kuma Rasha na cikin manyan masu sayar da shi a duniya.

A Turai yanzu kira ake manoman alkama su rage takin nitirojin, irin su ure, saboda muhalli. Suna da dalili. Abin da shuka ke sha daga takin da aka zuba bai kai rabi ba, saura ko ya tashi sama ko ya nutse ya tarar da ruwan rijiya, wani kuma ya koma wata iska mai ɗumama duniya wadda ta fi hayaƙin kabon ƙarfi kusan sau 270. Amma mu nan Nijar kar a zo mana da wannan magana ɗanya. Manominmu na gero ko buhu guda bai samu ba, kilo 50 na taki a kowace hekta da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2006 har yau ba mu kusa da shi. Kuma mun ga Siri Lanka a 2021, gwamnati ta hana takin zamani rana ɗaya, shinkafa ta faɗi, dole aka janye dokar. Namu ciwon ɓarna ce, kuma a gonakin ban ruwa take.

Ku je ku tsaya bakin kanal ku gani. Mutum ya ci bashi ya sayo ure, sai ya buɗe buhu ya watsa shi gaba ɗaya saman ƙasa da rana tsaka, fari fat kamar an barbaɗa gishiri, ya tafi sai bayan kwanaki ruwa ya zo layinsa, to kafin nan wani kaso ya riga ya bi iska, in ruwan ya zo kuma sai a cika fili har ya kwanta ya wanke abin da ya rage. Wani ko gani yake in ya ƙara taki ya ƙara buhu, alkama ta yi ganye shar ta yi tsawo, iska na kaɗawa ta kwanta ƙasa kafin kai ya nuna. Wallahi abin na ci mini rai, don kuɗin guminsa ne.

Ure kashi 46 cikin ɗari nitirojin ne, yana da ƙarfi, ba a ba alkama shi lokaci guda. A raba shi kashi biyu ko uku, kaɗan wajen shuka, mai yawa lokacin da ta fara 'ya'ya a gindi, sauran kafin ta fidda kai, kuma a rufe shi da ƙasa ko a ba da ruwa daidai nan take. Takin dabba da ya ruɓe sosai a sa shi tun wajen gyaran fili, shi ke riƙe danshi. Da damina a shuka wake ko gyaɗa a filin, saiwarsu na tara nitirojin daga iska, alkamar da ta biyo baya ta samu gado. Amfani da taki kaɗan cikin dabara ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a Sadore kusa da Yamai ne masu binciken cibiyar noma ta ICRISAT suka nuna ɗan tsunkulen taki a ramin gero na ƙara amfani sosai.

Akwai kuma labarin iri. A 2021 masu bincike na cibiyoyin noma na JIRCAS a Japan da CIMMYT a Meziko sun sanar da alkamar da aka haɗa da wata ciyawar daji, saiwarta na fitar da sinadarin da ke hana nitirojin saurin salwanta a ƙasa, ta yadda da taki kaɗan take ba da amfani. Muna roƙon INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ta nemo irin ta gwada shi a Ƙonni da lambunan Agadas a ga ko zai jure zafinmu na Maris. ONAHA, hukumar gonakin ban ruwa, da shugabannin kungiyoyin manoma kuma su daidaita ranar raba taki da ranar sakin ruwa tun wannan shuka da ake ciki.