Allurar da babu magani a cikinta: ina iyakar tasirinta a kan garkuwar jiki?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A ƙasar Hausa akwai wanda in ya je kemis aka haɗa masa ƙwayoyi kawai, zai fito yana cewa ba a duba shi ba. A wurinsa sai an tsira masa allura hankalinsa ke kwanciya. To, sharhinmu na yau a kan wata allura ce da babu komai cikinta sai ruwa da ɗan gishiri, wadda masu bincike ke yi wa wasu mutane lokacin gwajin sabon magani domin a gane aikin maganin na gaskiya. Likitoci na ce mata fulasibo. Shin in an yi wa mai lafiya ita, garkuwar jikinsa tana motsawa?

Tana motsawa, amma da sharaɗi, kuma a kan sharaɗin nan nake so mu tsaya.

A 1975, Robert Ader da Nicholas Cohen na Jami'ar Rochester a Amurka sun ba ɓeraye ruwan sakarin tare da allurar maganin da ke danne garkuwar jiki. Daga baya aka ba su ruwan zaƙin shi kaɗai, sai garkuwarsu ta sake yin ƙasa. Jikin ya riga ya haɗa ɗanɗanon da maganin. A 1992 masu bincike a Jamus suka gwada a kan mutane lafiyayyu: kwana huɗu ana ba su alewa ana yi musu allurar adiranalin, sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri, rana ta biyar aka ba su alewar aka yi musu allurar ruwan gishiri. Da aka auna jininsu, sai aka ga wani rukuni na sojojin jiki, masu farautar ƙwayoyin da suka kamu da cuta, sun ƙara kuzari. A 2002 kuma ayarin Manfred Schedlowski a birnin Essen na Jamus ya shayar da lafiyayyun maza wata koriyar madara mai baƙon ƙamshi tare da maganin danne garkuwa da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Bayan kwanaki aka ba su madarar da ƙwaya marar magani, garkuwar ta lafa kamar sun sha na gaske.

Ku lura, duka ukun nan sai da jiki ya fara sanin magani na haƙiƙa. Kamar akuyar da ta saba jin ƙarar kwanon dusa ce, ko babu komai a kwanon za ta sheƙo. A 2012 ayarin na Essen ya gwada magana zalla: aka gaya wa mutane maganin danne garkuwa ne za a ba su, aka ba su na banza, kuma jininsu bai nuna wani sauyi ba. Ashe yarda kaɗai ba ta isa ba.

Inda yarda ke da ƙarfi shi ne abin da mutum ke ji a jikinsa. A 2022 masu bincike a Boston sun tattara gwaje-gwaje 12 na riga-kafin korona, masu ɗauke da mutum sama da 45,000. Cikin waɗanda aka yi wa allurar da babu magani, kusan kashi 35 cikin 100 sun yi kukan ciwon kai, kasala da makamantansu bayan allurar farko. Ba ƙarya suka yi ba, sun ji ciwon. Fargaba ce da sa ido a kan jiki, da kuma ciwon kan yau da kullum da aka ɗora wa allura. Wannan ya kamata ya sa mu yi taka-tsantsan da labaran da ake yaɗawa bayan kowace riga-kafi, cewa wane ya kwanta saboda ita.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke jin irin wannan bincike su ce ai zuciya ce ke warkar da komai. Ba haka aka gano ba. Sauye-sauyen da aka auna ƙanana ne, a jinin mutane ƙalilan, kuma ba kowane gwaji ne ya same su ba. Ruwan gishiri ba ya koya wa jiki gane ƙyanda ko sanƙarau, don babu abin da zai nuna wa sojojin jiki kamannin cutar. Riga-kafi ce ke yin wannan.

Amfanin da masana ke hange daban ne. A 2018 an gwada dabarar madarar a kan masu dashen ƙoda a Essen, ba tare da an janye musu maganinsu ba, aka ga ta ƙara masa ƙarfi. Fatan shi ne wata rana a iya rage yawan maganin da ke wahalar da su.

Mu kuwa da ke matsa wa mai kemis sai ya yi mana allura, mu sani sauƙin da muke ji nan take yana iya zama irin na ruwan gishirin nan. Amma ƙurji a mazauni, ko ciwon hanta daga sirinjin da aka maimaita, waɗannan ba sa jiran yardar kowa. In ma'aikacin lafiya ya ce ƙwaya ta wadatar, a karɓa a sha yadda ya faɗa.