"Agree to Disagree": Amincewar da Babu Amincewa a Cikinta

Kana zaune a taro, ana Turanci, gardama ta yi zafi. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Let's agree to disagree." Kunnenka ya tsinci "agree", ka saki jiki, ka ce shi ke nan, sun sauko.

Malam, ko taku ɗaya ba su sauko ba.

Abin da mutumin yake nufi shi ne: kai ka riƙe naka, ni in riƙe nawa, a bar zancen kada ya raba mu. Ba wanda ya kayar, ba wanda aka kayar. Bakin kowa dai ya gaji.

Furucin ya daɗe. A 1770 wani shahararren mai wa'azin Kirista ɗan Ingila, George Whitefield, ya rasu a Amurka. Wanda ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan shi ne John Wesley, jagoran ɗariƙar Methodist. Su biyun nan sun kai shekara talatin suna sa-in-sa a kan ƙaddara. Whitefield ya ce Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira. Wesley ya ce a'a, ƙofa a buɗe take ga kowa. Har mutuwa ta raba su, ba wanda ya ja da baya. A wa'azin nan ne Wesley ya ambaci furucin, amma da sharaɗi: a kan ƙananan mas'aloli ne kawai, ban da tushen addini.

Wannan sharaɗin ne mutane suke tsallakewa. In musun Messi da Ronaldo ake yi a majalisa, faɗe shi, a ci gaba da shan shayi. In kuwa oga ne ya faɗa a ofis, fassararsa a zahiri ita ce: na rufe magana, nawa za a bi.

To, a ce taron ƙungiya ne, kuɗi sun yi ƙafa, ma'aji ya yi murmushi ya ce, "Let's agree to disagree." Nan ba ra'ayi ake yi ba, lissafi ne. Ka ce masa, "I beg to differ." Wannan "beg" ɗin kuma ba magiya ba ce, ladabin cewa "ban yarda ba" ne. Sannan ka ce a ɗauko littafin shiga da fita.